Takardar gwaji ta nuna 46, maigidana ya fara barin wasiyya

Assalamu alaikum Hajiya. Daga Garwa nake rubuto miki. Mijina direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga Gaundare zuwa Njamena, shekarunsa 37. An gano yana da ciwon hanta nau'in B ranar da ya je ba yayansa jini aka ce nasa ba zai yi ba. Yayan bai tashi daga wannan jinyar ba. Cikinsa ya kumbura, likitoci suka ce dajin hanta ne, ya rasu yana da shekara 42. Tun daga nan maigida bai sake taka asibiti ba sai watan jiya da gajiya ta dame shi. Aka ɗebi jininsa, wani abu da ake kira AFP ya fito 46, a gefe an rubuta bai kamata ya wuce 10 ba. ALAT kuma 118. Likita ya rubuta masa hoton ciki da wasu gwaje-gwaje, sai ɗan yayarsa ya duba a waya ya ce masa AFP gwajin cutar kansa ne, wato daji. Ranar ya ninke takardun ya cusa a aljihun mota. Yanzu biyan basussuka yake yi, yana nuna min inda takardar fili take, yana shan wani jiƙo na jarka da ya sayo a Kusiri. Ya ce hoto ba abin da zai ƙara masa sai sanin ranar mutuwa. Ya hana ni gaya wa mahaifiyarsa. Ina da cikin wata biyar da yara uku, sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. An ce min akwai sabon gwaji mai suna PIVKA da ake aika jinin mutum Turai, wai ya fi AFP faɗin gaskiya, har ina tunanin sayar da 'yan kunnena na zinari in biya. Ni ma in je a auna AFP ɗina? Hajiya, don Allah ki gaya min gaskiya, mutuwa zai yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙan yayan maigidanki, ke kuma Ya sauke ki lafiya.

Gaskiya kika nema, to ga ta. Lambar 46 ba ta ce mijinki yana da dajin hanta ba. Ba ta kuma wanke shi ba. Abin da ta ce shi ne a je a duba hantar da ido, kuma wannan dubawar ce maigidan naki ya ninke ya ajiye a aljihun mota. A duk wasiƙarki wannan ya fi tayar min da hankali, ba lambar ba.

Bari in gaya miki mene ne AFP, domin ɗan yayar tasa rabin magana ya karanto. Wani sinadari ne da hantar ɗan tayi ke yi da yawa tun yana cikin uwa. Bayan haihuwa sai ya yi ta raguwa, kafin yaro ya shekara ya kusa ƙarewa, a jikin babba kuwa ɗan kaɗan ne ke saura, shi ya sa kika ga an rubuta 10 a gefe. A shekarar 1963 wani masani ɗan Rasha mai suna Abelev ya lura cewa ɓeraye masu ƙari a hanta suna dawo da yin wannan sinadari kamar 'yan tayi, shekara guda bayan haka wani masanin mai suna Tatarinov ya ga haka a jinin mutane. Daga nan aka fara auna shi don farautar dajin hanta. Amma ba daji kaɗai ke ɗaga shi ba. Duk lokacin da hanta ta ji rauni tana ƙoƙarin gyara kanta, sababbin ƙwayoyin da take yi suna zubo AFP cikin jini. Ciwon hanta na B in ya motsa yana ɗaga shi. Ƙandarewar hanta, wato ta cika da tabo ta yi tauri, tana ɗaga shi. Juna biyu yana ɗaga shi sosai. Har ƙari a marainan namiji yana iya ɗaga shi, hanta kuwa lafiya lau.

Yanzu dubi ɗaya lambar da kika kawo, wadda ba wanda ya kula da ita a gidanku. ALAT 118. Wannan shi ke nuna hanta tana cikin kumburi a halin yanzu, kuma yawancin ɗakunan gwaji ba sa son ya haura 40. Na mijinki ya kusa ninka wannan sau uku. Mutumin da ƙwayar B ke cin hantarsa har ALAT ya yi irin wannan tashi, ba abin mamaki ba ne AFP ɗinsa ya leƙa 40 ko 50, wani ma ya haura 100, ba tare da ƙari ko ɗaya ba. Sau da yawa in aka ɗora irin wannan mutum a kan magani, bayan 'yan watanni ALAT ya sauka, AFP ma ya biyo shi. In da za ki tambaye ni wanne ya fi kusa a lissafi, zan ce kumburin hanta. Amma lissafi daban, gani daban. Likitoci sun sa 20 a matsayin iyakar da in an haura ta dole a bincika, shi kuma ya haura. Lambobin da ke sa likita ya gyara zama tun kafin ya ga hoto su ne 400 zuwa sama, wasu majinyatan ma dubbai ake samu.

AFP kamar haushin kare ne da tsakar dare. Yana yi don ɓarawo, yana yi don kyanwa ta gifta, wata rana kuma ɓarawon ya shiga ya fita yana barci. Mai hankali ba ya jin haushi ya zauna a ɗaki yana kukan an sace shi, tocila yake ɗauka ya fita tsakar gida. Hoton ciki, wanda muke cewa eko, shi ne tocilar.

Wannan barcin karen shi ne gefen da mutane ba su sani ba, kuma ina so ki riƙe shi don gaba. Cikin masu dajin hanta, wajen kashi ɗaya cikin uku AFP ɗinsu ba ya tashi, musamman lokacin da ƙarin yake ƙarami, wato daidai lokacin da ake son kama shi. Na fi jin tsoron mutumin da ya karɓi takarda ya ga 4, ya yi hamdala, ya ɓace shekara biyar, a kan wanda ya ga 46 ya koma wurin likita. To ko an sake auna na mijinki wata rana ya dawo 6, kada wannan ya zama dalilin fasa hoto. An tattara bincike da dama a shekarar 2018 a kan masu ƙandararriyar hanta, aka ga eko shi kaɗai yana kama kashi 45 cikin ɗari na ƙarin da bai yi nisa ba, in an haɗa shi da AFP ya koma kashi 63. Kin ga ko an haɗa su biyun akwai abin da ke kuɓucewa. Shi ya sa ba sau ɗaya ake yi ba, duk wata shida ake maimaitawa. Ba kuma da ka aka zaɓi wata shidan ba: ƙarin hanta yakan ɗauki 'yan watanni kafin ya ninka girmansa, don haka wanda ya ɓuya a wannan zagaye, a zagaye na gaba ana iya samunsa bai fi ƙarfin aiki ba. A birnin Shanghai na ƙasar Sin an bi mutane fiye da 18,000 masu ciwon hanta na B, aka riƙa kiran rabinsu eko da AFP duk wata shida, aka bar rabi. Sakamakon da ya fito a 2004 ya nuna mutuwa daga dajin hanta ta ragu da kashi 37 cikin ɗari a ɓangaren da ake dubawa, alhali da yawansu ma ba sa zuwa a kan lokaci.

Maganarsa cewa hoto ba zai ƙara masa komai ba sai sanin ranar mutuwa, na gane inda ta fito. Abin da ya gani da idonsa ke nan. Yayansa ya je asibiti ciki ya riga ya kumbura, hoto ya tabbatar da abin da ba ya gyaruwa, aka dawo gida. Haka mafi yawan mutanenmu ke haɗuwa da wannan ciwo, domin hanta ba ta kuka da wuri. Tana iya ɗauke da ƙari wata da watanni mutum yana lodi yana tuƙi yana cin tuwonsa. Ranar da ido ya yi rawaya, ciki ya tashi, rama ta bayyana, galibi an makara. Amma hoton wanda ya je da ƙafarsa yana jin gajiya kawai, ba ɗaya yake da hoton wanda aka kai ranga-ranga ba. Ƙarin da bai wuce santimita biyu ko uku ba, a hantar da ke da sauran ƙarfi, ana iya yanke shi, ana iya ƙona shi da allura ta musamman, mutum ya rayu shekaru. Ba zan ɓoye miki ba, irin wannan aiki yana iya kai ku Yawunde ko Duwala, ku kwana a jirgin ƙasa daga Gaundare, kuma kuɗi ne. Nan ne 'yan kunnenki za su yi rana in abin ya kai can, Allah Ya sa kada ya kai.

Ga yadda abin ke tafiya, don ki san abin da za ku tarar. Zai je da safe bai ci komai ba na wajen awa shida. A gaya wa mai ɗaukar hoton ƙarara cewa mutumin nan yana da ciwon hanta na B, yayansa uwa ɗaya uba ɗaya ya rasu da dajin hanta, AFP 46, domin wanda ya san abin da yake nema ya fi natsuwa wajen dubawa. In ba a ga komai ba, likita zai sa a sake AFP da ALAT bayan 'yan makonni ko watanni, a ga sauka yake ko hawa. Hawan nan ya fi lambar kanta muhimmanci: 46 da ya koma 20 labari ne mai daɗi, 46 da ya koma 90 sannan 200 yana buƙatar sikana, wato hoton da ya fi eko gani, ko da eko ya ce ba komai. In an ga ƙullutu da bai kai santimita ɗaya ba, akan sake hoto bayan kamar wata uku. In ya kai ko ya wuce, sai sikana mai allurar ruwa a jijiya ko IRM, wato hoton na'urar maganaɗisu, domin dajin hanta yana da yadda yake shan wannan ruwa ya sake shi, wanda ƙwararre ke ganewa. Kuma ba kowane ƙullutu ne daji ba, akwai na jijiyoyin jini da mutane da yawa ke yawo da su har tsufa ba su sani ba. Ku riƙa yin AFP a ɗakin gwaji guda, saboda wani yana rubuta ng/mL wani UI/mL, na'urorin ma sun ɗan bambanta, kada ku tsorata a kan bambancin da ba na jiki ba. Duk takardun su zauna a jaka guda a ɗakinki, ba a mota ba.

Sai PIVKA. Gwajin gaskiya ne, ba damfara ba, cikakken sunansa PIVKA-II, wasu na cewa DCP, kuma ba sabo ba ne kamar yadda aka faɗa miki, tun 1984 aka san alaƙarsa da dajin hanta, a Japan kuwa an daɗe ana haɗa shi da AFP. Wani gurɓataccen sinadarin daskarar da jini ne da ƙwayoyin daji ke fitarwa. Amfaninsa shi ne kumburin hanta bai cika ruɗa shi ba kamar yadda yake ruɗa AFP, kuma yana kama wasu da AFP ya bari. Shi ma yana da nasa raunin: ƙarancin bitamin K yana ɗaga shi, toshewar hanyar matsarmama tana ɗaga shi, wasu magungunan tsinka jini suna ɗaga shi. Akwai na uku, AFP-L3, da wani lissafi mai suna GALAD da ke haɗa su ukun da shekarun mutum da jinsinsa. Dukkansu wuri ɗaya suke ƙarewa. In PIVKA ya fito sama, likita zai ce a yi hoto. In ya fito ƙasa, da AFP 46 da tarihin ɗan'uwa, likita zai ce a yi hoto. To me ya sa za ki biya kuɗi mai yawa, ki jira makonni, a dawo a gaya miki abin da ke rubuce a aljihun mota? In likitan hanta ya nema daga baya don ya warware wani ruɗani, wannan daban.

In akwai gwajin da ya cancanci kuɗinku bayan eko, shi ne na yawan ƙwayar cutar a jini, wanda ake rubutawa charge virale, ina kuma zaton yana cikin waɗanda aka rubuta masa. Cibiyar Pasteur tana da reshe a nan Garwa, likitansa zai nuna muku inda ya dace. A haɗa da ASAT, wani awon hanta irin ALAT, da ƙidayar plaket, wato ƙwayoyin daskarar da jini, masu araha ne, da su likita ke yin wani ɗan lissafi mai suna APRI ya kimanta ko hanta ta fara ƙandarewa. A duba ƙoda. A duba ƙanjamau, ba don ana zarginsa ba, sai don maganin B yana taɓa waccan ƙwayar ma, kuma ba a ba da shi shi kaɗai ga mai ɗauke da ita. A duba nau'in C, wanda yanzu ake warkewa da ƙwayoyi cikin mako 12. A duba Delta, wata ƙwaya da ba ta iya zama sai a jikin mai B, kuma Kamaru tana cikin ƙasashen da take da yawa, tana hanzarta lalacewar hanta.

Ga wani abu da nake so ki kai masa yadda na faɗa. A watan Maris na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta ƙa'idar ba da maganin ciwon hanta na B, ta faɗaɗa ta. Cikin waɗanda ta ce a ba su magani har da wanda ke da tarihin dajin hanta ko ƙandarewarta a danginsa, ko nawa ne lambobinsa. Mijinki ya shiga wannan layi tun ranar da aka binne yayansa. Maganin tenofobir ne, ko entekabir, ƙwaya ɗaya a rana. Ba ya korar cutar gaba ɗaya, danne ta yake yi har hanta ta samu sararin hutawa, haɗarin daji kuma ya ragu sosai. Ya ragu na ce, bai gushe ba, domin ƙwayar B tana cusa kanta cikin asalin ƙwayoyin hanta, har tana iya haifar da daji a hantar da ba ta ƙandare ba. Wannan ne ya sa a Afirka ake ganin ciwon a jikin 'yan shekara talatin da arba'in, kuma ya sa mai shan magani ma ba a ɗauke masa eko na wata shida. Sharaɗin maganin guda ne mai nauyi ga direba: ba a yankewa. Wanda ya sha wata huɗu ya bari don ya ji sauƙi, ko don ƙwayar ta ƙare masa yana jiran takardun kwastan a gadar Ngeli, cutar tana iya dawowa da ƙarfin da ya fi na da. Ya riƙa tafiya da na wata guda ƙari. Azumi ba ya hana shi, a sha da sahur ko bayan buɗa baki. Don kada wata shidan ya riƙa shige muku, ku ɗaura shi a kan abin da ba a mantawa: sau ɗaya a watan Maulidi, sau ɗaya a farkon azumi, tsakaninsu wata shida ne cif.

Jarkar Kusiri kuwa a daina. Ba na raina saiwa da sassaƙe, amma duk abin da aka haɗiya ta hanta yake bi, kuma hantar da ALAT ɗinta ke 118 ba ta da rarar ƙarfin gwada abin da mai shi ma bai san adadinsa ba. Ban da haka zai dagula gwaji na gaba, a rasa gane cutar ce ta ɗaga lamba ko jiƙon. Ya tafi da jarkar ya nuna wa likita, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Haka ƙwayoyin hana barci da na ciwon jiki da ake sayar wa direbobi a tasha, da farasitamol da ake watsawa baki ba lissafi. Giya ba na zaton tana cikin lissafinku, amma in tana ciki, ko bilbil ne, babu ita.

Akwai ɓangaren da ke hannunki ke kaɗai, kuma sana'arki ce ta sa zan daɗe a kansa. Gyaɗa da masara in suka sha danshi a buhu ko a rumbu, wata fumfuna tana kama su ta bar guba mai suna aflatoksin. Wannan guba ita kaɗai tana jawo dajin hanta, in kuma ta haɗu da ciwon B a jiki guda haɗarin yana ninkawa sau da yawa. Suya ba ta kashe ta, tafasa ba ta kashe ta. In aka matse mai, mafi yawanta a tunkuza take zama, wato a ƙuli-ƙulin da maigida ke cika leda da shi in zai kama hanya, da wanda yara ke gutsura duk yini. Na san lissafin mai sana'a: gyaɗar da ta fashe ko ta ɗan canza launi ta fi araha a kwano, in an niƙa kuma ba mai ganewa. Hanta tana ganewa. Ki baza gyaɗarki a faifai da rana tsaka, ki tsince duk wadda ta yamushe, da mai baƙi ko kore a tsaginta, da wadda ƙwaro ya huda, da mai ɗaci a baki. 'Yan ƙwayoyi kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawan gubar, don haka tsintar tana rage ta ƙwarai. Abin da kika tsince kada ya koma kunu, kada ya tafi miya. Buhu ya hau katako, kada ya jingina da bango ko ya kwanta a ƙasa, musamman daga Yuli zuwa Satumba.

Ke kuma kada ki auna AFP. Da cikin wata biyar dole ya fito sama, ɗan da ke cikinki ne ke yin sa, sai ki jawo wa kanki kukan banza. Naki gwajin sunansa Ag HBs, shi ke nuna ko kina ɗauke da ciwon B, ki nema a awo na gaba, ki kuma duba katinki ko an riga an yi. In ba ki da cutar, a yi miki rigakafi, ciki ba ya hanawa. In kina da ita, a auna yawanta, domin in ta yi yawa ana ba uwa tenofobir a watannin ƙarshe don kada ta kai ga jariri. Ko yaya sakamakon ya fito, ki shirya wa jariri allurar rigakafin B ta farko cikin awa 24 da haihuwa, ki yi maganarta da ungozomar asibiti tun yanzu, kada sai naƙuda ta zo. Jaririn da ya kamu a lokacin haihuwa, tara cikin goma cutar tana zama masa har girma, alhali babban da ya kamu yawanci jikinsa yana korar ta. Nono kuwa ki ba shi, ba ya hanawa. Tun 2005 allurar B take cikin rigakafin jarirai a Kamaru, a mako na 6 da na 10 da na 14, to ki duba katunan yaran uku ko sun cika, a kuma gwada su duk da haka. Kwano ɗaya, gumi, musabaha, kwana ɗaki ɗaya, babu wanda ke yaɗa ta a cikinsu. Reza, askar wanzami, abin yankan farce da buroshin haƙori, waɗannan kowa da nasa.

Sai maganar Inna. Sirrinsa ne, kuma ba zan ce ki tsallake shi ki kai mata labari ba. Amma ki nuna masa wannan: 'yan'uwa biyu ciki ɗaya da cuta guda, alama ce mai ƙarfi cewa tun suna yara suka samo ta, ko wajen haihuwa ko a tsakar gida, kamar yadda mafi yawan masu ita a ƙasashenmu suka samu. Wannan yana wanke shi daga zargin da ake yi wa direbobi, in har wannan yana cikin abin da yake gudu. Yana kuma nufin ƙannensa da yayyensa, da 'ya'yan marigayi, da ita kanta Inna, kowa yana buƙatar gwaji. Ba dole a ce mata AFP ko kansa ba. Ya isa a ce likita ya ce ciwon da ya ɗauki marigayi yana bin gida, a duba kowa. Mace da ta binne ɗa guda ba za ta ƙi wannan ba.

Yadda za ki shawo kansa, ke kika fi ni sanin mijinki, amma kada ki fara da lallashin cewa ba komai, ba zai yarda ba, ya ga gawa. Biyan bashi da nuna takardar fili ba laifi ba ne, ki ce masa ya kyauta, sannan ki ce saura bashi ɗaya, na safiya guda a ɗakin hoto, kuma ke da abin da ke cikinki kuke binsa. In ya kawo maganar ƙaddara, kada ki yi musu da shi, ki nemo wanda yake jin nauyinsa, limamin unguwarku ko aminin marigayi, wanda zai tuna masa cewa neman magani ba ya karo da tawakkali. Wannan mutum ɗaya ne, kuma ki gaya wa maigida za ki kira shi kafin ki kira. In duk ya ƙi, ki ɗauki hoton takardun da wayarki ki je wurin likitan da ya rubuta su, ki roƙe shi ya kira shi da kansa. Sau da yawa namiji yana jin maganar daga bakin likita a minti biyu bayan ya ƙi ta daga bakin matarsa wata guda.

Kafin nan, in kika ga idonsa ya yi rawaya, ko cikinsa ko ƙafafunsa sun fara kumbura, ko ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin, ko ya fara barcin rana da ruɗewar magana, wannan ba na jiran lallashi ba ne. Kada ya hau mota, ku wuce asibiti a ranar.